Allon Naja'atu a Hannun Taubashi

Talata Mafara,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga ɗan'uwana kuma taubashina, Alhaji Tijjani, magatakardan ƙungiyar mahauta, Bakura.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya Taibatu, da ɗanka Surajo da iyalinsa, da duk mai cin tuwo a gidanka. Yaya ƙafar? Kunnen kam na san bai gyaru ba, shi ya sa ban kira ka a waya ba, na ɗauki biro da hannuna. Sufyanu direban Bakura zai miƙa maka.

Albishirinka. Jikata Naja'atu ta sauka lafiya, namiji, jajir da shi, mai ƙarfin murya. Na ga tattaɓa-kunne da idona, Tijjani. Da matata Kaltumi ta miƙo mini shi a zaure sai na zauna a ƙasa ina dariya, tsohuwar tana ce mini in kama kaina, maƙwabta na ji. Mijin Naja'atu, Kamaluddeen, ya bugo daga Abuja ya ce sunana na yanka za a sa, Jibrin. Suna ranar Laraba. Ka zo da wuri, ragon nan ni zan feɗe, ba mai taɓa mini wuƙa.

Sai magana ta biyu. Na ji abin da ka faɗa a kasuwar Maradun, cewa zanen sabuwar mahautarmu ta nan Mafara ya zama na Surajo ba gardama, tunda Naja'atu ta dawo gida wankan jego, kwamfutarta kuwa tana ofis a Abuja, kuma mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in. To, ka daina raba goron murna. Zanenta zai zo gaban ƙungiya ranar Talatar da Sarkin Fawa ya sa, tare da na ɗanka, a zaɓi wanda za a gina.

Ga yadda abin yake. Ta zo da wani allo na gilashi, faɗinsa bai wuce faranti ba, suna ce masa tabulet. Babbar kwamfutar da ke iya ɗaukar manhajar zanen gini tana can Abuja a kunne, ogansu ya yarje mata. Akwai wani kamfani da take biya wata-wata, kamar yadda masu gidan kallon ƙwallo ke biyan tashoshi. Muddin ta biya kuma akwai sabis, fuskar kwamfutar can sai ta bayyana a allon nan. Ta ja layi a Mafara, layin ya zanu a Abuja. Ta ce mini allon taga ne kawai, ɗakin yana can. Na zauna kusa da ita na ga mahautar tana juyawa kamar ana juya ƙwarya, har wurin rataye nama na gani.

Kaltumi ta so ƙwace shi, wai mai jego ba ta kallon haske. Na ce mata amaryar nan tawa ce, ni ke da iko da ita. Muka shirya a kan sai ta yi wanka ta sha kunun kanwa sannan a ba ta allonta.

Ka gaida gida. Ka duba rubutun da kyau, ko waƙafi ɗaya ban bari ba.

Naka,
Malam Bature Jibrin.

*

Bakura,
Ranar Asabar.

Zuwa ga bawana Bature.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya, sai dai ƙafar da ke tashi in an yi sanyi. Barka, barka. Allah Ya raya Jibrin, Ya sa ya gaji sunan kawai, kada ya gaji hancin. Hajiya Taibatu ta yi guɗa har awaki suka watse. Za mu zo suna in Allah Ya so.

Rubutunka ya yi kyau. Malaman yaƙi da jahilci sun yi aikin lada, don koya wa mai furfura baƙi ba ƙaramin jihadi ba ne.

Batun allo kuwa, na karanta har sau biyu ina girgiza kai. Bature, mu mahauta ne. Tun muna yara muka san saniyar da ke hannunka ita ce taka, wadda ke Faru a wurin makiyayi labari ce. Yanzu yarinya ta zaunar da kai ta ce aiki yana Abuja kuma yana hannunta a lokaci guda, kai kuma ka yarda har ka rubuta. Ni ma ina da waya. Hoton da ke cikinta yana cikinta, in ta faɗa rijiya ya tafi. Abin da ka gani a allon nan a cikinsa yake zaune, batun taga daɗin baki ne na 'yan kamfani don su riƙa karɓa duk wata.

Surajo ya gama nasa zanen tuni, a takarda mai faɗi wadda mutum zai riƙe ya shafa. Ban ce komai a kan jikarka ba, yarinya ce mai ƙoƙari. Amma ta ji da jaririnta.

Ka ajiye mini hanta da ƙoda.

Ubangidanka,
Alhaji Tijjani.

*

Talata Mafara,
Ranar Alhamis, washegarin suna.

Zuwa ga Alhaji Tijjani.

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa gida lafiya, ya gajiyar hanya. Mun gode da zuwa, mun gode da turmin atamfa da Hajiya ta kawo. Mai jego da mai sunana suna lafiya.

Tijjani, ka maido allon.

Na san yadda ka yi. Ka ce in ɗauko a nuna maka hoton yaro, na ɗauko, na buɗe maka. Ka jira sai da zaure ya cika da mutanen Dosara da na Jangebe, sannan ka zura shi cikin aljihun babbar riga ka ce, "Taubashi ya ɗauka, sai an fansa." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, don kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, kuma wanda ya yi fushi da wasan taubashi a gidan suna shi ne abin zunɗe har ya mutu. Ka san ba ni da bakin magana a wurin. Na ɗauka da la'asar za ka fito da shi in ba ka ƙafar rago a tashi. Sai aka ce mini motarku ta wuce.

Taubashi hula yake ɗauka, ko takalmi, ko sanda. Ban taɓa jin wanda ya ɗauki abin da mutum ke neman abinci da shi ba. Zanen bai ƙare ba, ɗakin sanyi da magudanar ruwa sun rage. Yarinyar nan tun tana firamare take bi na mahauta tana toshe hanci tana cewa in ta girma sai ta gina mana wadda ba ta wari. Wannan ne gini na farko da zai ɗauki sunanta, a garin da aka haife ta. Jiya da ta ji allon ya tafi Bakura sai ta juya fuska bango. Kaltumi kuwa ta faɗa mini abin da ba zan rubuta ba.

Kada ka ɗauka na manta da wancan wasan naka. Shekarun baya, ranar da aka tsayar da ni shugabancin ƙungiya, kai ne ka tashi da tabarau a hanci ka karanta takarda a gaban mahautan gari uku, ka kama babban yatsana ka ɗaga sama ka ce a dubi biron Bature, da shi zai riƙa sa mana hannu. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Ranar ma cewa ka yi wasan taubashi ne. Na rasa kujerar. Na sayi littafi da fensir na shiga ajin yamma, na zauna a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana. Na haɗiye wannan, don ni ka yi wa. Wannan karon jikata ka taɓa.

Faɗi fansarka, Sufyanu zai kawo.

Bature.

*

Bakura,
Ranar Asabar.

Zuwa ga Bature mai dogon tunani.

Salamu alaikum. Mun iso lafiya. Naman ya yi daɗi, hannunka bai tsufa ba.

Ashe har yanzu kana goyon maganar da ta girmi Naja'atu? Wasa ne, malam, jiya da yau duka. Allon yana nan a cikin akwatina, na naɗe shi da rawani, ko ƙuda bai sauka a kansa ba.

Fansa kuwa ina tunani. Da na ce kilishi, sai Hajiya ta ce haƙorana ba za su iya ba. Da na ce rago, sai na ga kun yi hidima. Ka ba ni lokaci in yi shawara, ba a gaggawa da babban abu. In mun haɗu ranar Talata wurin taro ƙila na yanke.

Wani abu ya ba ni dariya. Surajo ya so ya duba hoton yaron, sai allon ya ƙi buɗewa, ya nuna zanen yatsa yana jira a dangwala. Na ce lallai masu ƙera shi sun san gidan da za a kai shi. Na sa nawa ya ƙi, Surajo ya sa nasa ya ƙi. In akwai lambar da ake bugawa ka aiko da ita, don Hajiya ta matsa sai ta ga jaririn da kyau.

Ka gaida mai jego, ka ce ta huta, hutu gare ta ya fi.

Alhaji Tijjani.

*

Bakura,
Ranar Litinin da safe.

Bature,

Salamu alaikum. Shiru ban ji daga gare ka ba. Sufyanu ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu, ka karanta, ka ninke, ka shiga gida ka fito, ka tambaye shi kuɗin mota zuwa Jangebe, ba ka ba shi amsa ba. Ko jikin ne? Ko fushi ne? In fushi ne to ka ba ni mamaki.

Ga allonku nan na ba shi ya kawo, ban karɓi fansar komai ba, don kada a ce na matsa wa tsoho. Sai dai akwai abin da zan faɗa maka, kuma wallahi raina bai so ba. Da ya ƙi buɗewa, Surajo ya kai shi wurin masu gyaran waya a bakin tasha don su taimaka. Yaran zamani ba su da haƙuri. Suka yi masa abin da suke kira filashin. Ya buɗe kam, amma babu komai a ciki, fari fat kamar ranar da aka saye shi. Hotuna, zane, duka sun tafi. Na yi musu faɗa sosai.

Ƙaddara ce. Ka ba Naja'atu haƙuri, yarinya ce, gine-gine na gabanta. Gobe ba sai ka wahalar da kanka da bayani a gaban mutane ba, ni zan tashi in ce mai jego ba ta samu sarari ba, a wuce wurin cikin mutunci. Ka ga amfanin ɗan'uwa.

Sai mun haɗu.

Alhaji Tijjani.

*

Talata Mafara,
Ranar Laraba.

Zuwa ga taubashina abin ƙaunata, Alhaji Tijjani, Bakura.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ka isa gida lafiya jiya, kuma wanda ya riƙe maka hannu zuwa mota bai sake ka a rami ba. Ina gaida Hajiya Taibatu. Mu nan lafiya lau. Mai sunana yana tsotso kamar ɗan maraƙi, uwarsa ta yi ƙiba, ni kuma tun jiya abinci ke yi mini daɗi irin wanda na manta.

Ka yi tambaya a kan shiruna, kuma jiya hayaniya ba ta bar ka ka fahimci abin da ya same ka ba. Bari in warware maka a hankali, yadda aka warware mini baƙaƙe a ajin yamma.

Da takardarka ta neman lamba ta zo, na shiga ɗakin mai jego na karanta mata. Na ce mata ni zan hau mota in je Bakura in fasa akwatin nan, abin da zai faru ya faru. Sai ta ce, "Kaka, zauna. Na gaya maka taga ce. In an toshe wannan, wata za mu nema." Ashe abin da take biya duk wata ba a jikin allon yake ba, da sunanta yake. Kowane allo ta samu, in ta sa manhajar ta buga sunanta da lambar sirrinta, kwamfutar Abuja za ta amsa. Damuwarta ɗaya, fuskar waya ta yi ƙanƙanta da zanen gini, kuma duk unguwarmu ba mai irin allon.

Ƙanwarta Hidaya da ke aure a Jangebe tana da shi. Ranar na hau mota da kaina na karɓo. Na shigo da shi a cikin buhun gero, don na san akwai masu kai maka labarin gidana. Kaltumi, wadda da take cewa haske na ɓata idon mai jego, ita ce ta riƙa goya yaron tana zagaya tsakar gida don uwar ta samu hannu. Sabis ya wahalar da mu, wani lokaci layi ya tsaya cak sai an matsa kusa da taga. Ni aka ba aikin riƙe wayar da ke ba allon data, na tsaya a bakin ƙofa hannu a sama kamar mai kiran akuya. Ban gaji ba. Duk sanda kafaɗata ta yi tsami sai in tuna yatsana a sama a gaban mahautan gari uku.

Na so in rubuto maka in ce ka ci allon in kana so. Na fasa. Na ce bari in bar ka da saniyar da ke hannunka.

Da Sufyanu ya kawo shi a wanke, Naja'atu ta yi dariya har yaron ya farka. Kafin in gama alwala ta mayar da manhajar, ta shiga, mahauta ta fito cif, da ɗakin sanyinta da komai. Hotunan yaron ma ashe suna da wurin da suke zaune. Sannan ta kama babban yatsana ta ɗora a gilashin ta sake yi masa rajista. Hannunta da laushi, ba irin kamun da ka yi masa ba.

Sauran ka gani, amma zan maimaita don daɗinsa. Surajo ya shimfiɗa takardarsa, aka duba, aka yaba, kuma gaskiya yaron ya iya, ba da shi nake faɗa ba. Ka tashi ka gyara riga ka fara cewa mai jego ba ta samu sarari ba. Na ce Sarkin Fawa ya ba ni izini. Na fito da allon da ka wanke, na ɗaga yatsana sama yadda kowa zai gani, na ce, "Jama'a, ga biron Bature." Na dangwala, ya buɗe.

Ba zan ɓoye maka ba, da farko fuskar allon ta tsaya tana juya 'yar da'irar nan ta jiran sabis. Na ga ka fara murmushi. Sai ga ginin ya bayyana. Naja'atu tana ɗakinta da allon Hidaya, ni ina rumfar taro da nata, duka biyun suna leƙa kwamfuta ɗaya a Abuja. Ta riƙa juya ginin daga can, muryarta na fita ta wayata, tana nuna ƙofar da shanu za su shigo ta baya ba tare da sun ratsa masu saye ba, da wurin yanka yana duban alƙibla, da magudanar da za ta kwashe jini ta rufe, da rufin da za a shanya kilishi ƙuda bai kai ba. Wani tsoho daga Maradun ya leƙa bayan allon yana neman inda ginin ya ɓuya. Kai kuwa ka cire tabarau ka goge, ka mayar, ka sake cirewa ka ajiye a kan tabarma, kana ce wa Surajo, "Ba ka ce an wanke ba?" Da ƙarfi ka faɗa, Tijjani. Kurma bai san ƙarfin muryarsa ba. Kowa ya ji, har Sarkin Fawa ya juyo ya dube ka.

Hannuwa suka tashi, aka zaɓi na Naja'atu. Sai aka ce magatakarda ya karanta matsaya ya sa hannu. Ka lalubi tabarma, babu tabarau. Na taɓa aljihuna na ce, "Taubashi ya ɗauka, sai an fansa." Ka ji dariyar, ko kunnenka bai kai ba? Ta fi ta wancan karon, don wannan har da masu tsire na waje. Ba ka da bakin fushi, kai ka koya mini dokar. Sarkin Fawa ya ce tunda magatakarda ba ya gani, Malam Bature ya karanta. Na karanta tiryan-tiryan, ban yi tuntuɓe ko a sunan jikata ba. Da aka zo sa hannu ka kasa ganin layin, biron yana yawo a takarda, sai wani ya miƙo tawadar dangwale. Ba ni na ce a miƙo ba, Allah Ya sani. Amma ni na kama maka yatsan na kai shi wurin.

Tabarau ɗinka yana nan lafiya, na naɗe shi da rawani, ko ƙuda bai sauka a kansa ba. Fansa kuwa ina tunani. Ba a gaggawa da babban abu. Naja'atu ta ce in mayar maka, wai ya isa, kuma tana so Surajo ya riƙe aikin ginin tunda shi ke kusa. Wannan tsakaninsu ne, su yara masu kirki ne. Ni ban kai su kirki ba. In an yi arba'in ka zo da ƙafarka, ka shiga ka gaida mai jego, ka faɗa mata da bakinka wanda ya aika allon bakin tasha. Sannan mu duba maganar tabarau.

Na san ba za ka iya karanta wannan takarda ba yadda idonka yake. Ba komai, ba abin kunya ba ne, na zauna a wannan halin shekaru masu yawa. Ka nemi wani ya karanta maka. Surajo, in kai ne ke karantawa, ka ɗaga murya sosai, kunnen babanka ba ya ji, kuma kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Naka har kullum,
Malam Bature Jibrin, kakan mai zane.
Na sa hannu da biro.